Sharaɗin da ke Bayan Ma'auni

Aikina nazarin alƙaluman gona ne, kuma mas'alar da malaman gona suka fi kawo mini ita ce fassarar adadin nan, wato ma'auni, da kwamfuta ke fitarwa a gaban kowane abin da aka auna a lissafin dangantaka mai miƙaƙƙen layi, wanda Lajanda, masanin hisabi na Faransa, ya wallafa hanyarsa tun 1805.

Mu ƙaddara an tattara bayanan gonakin masara, aka shigar da taki da ruwan sama da ranar shuka, sai 3 ta fito a gaban taki. Abin da take nufi, ba ƙari ba ragi, shi ne idan aka ɗauki gonaki biyu masu kadada ɗai-ɗai, waɗanda suka sami ruwa daidai, aka kuma shuka su rana guda, amma ɗaya ta ɗara 'yar'uwarta da buhun taki ɗaya, to a matsakaicin hali amfaninta kan ɗara da buhu 3. Hukunci ne mai sharaɗi, sharaɗin kuwa bai wuce abubuwan da aka shigar ba. Alhali manomin da ke da ƙarfin sayen taki shi ne galibi mai shanun huɗa, mai ingantaccen iri, mai iya ɗaukar 'yan ƙwadago su yi masa noman fari a kan kari; lissafi kuma, da yake ba a sanar da shi waɗannan ba, sai ya tattara ladansu ya jingina wa taki. Saboda haka duk wanda ya ce wa ƙaramin manomi, "Baba, ƙara buhu guda ka kwashi uku," ya yi ƙiyasi tsakanin abubuwan da illarsu ba ɗaya ba ce, kuma ba shi zai biya bashin takin ba.

Girman adadin ma ba hujja ba ne a kan muhimmanci, domin da an rubuta takin da kilo, buhu kuwa kilo 50 ne, da 0.06 za a gani, ba tare da komai ya sauya a gona ba. Haka nan idan gonakin da aka auna ba wadda ta wuce buhu 6, ma'aunin ba shi da ta cewa a kan buhu na 15, tun da masara tana da haddin da in ta kai shi, ƙarin taki ba ya ƙara mata komai, layin kuwa miƙewa kawai ya sani.