Hukuncin Sayen Gida Ba Da Sanin Kasuwa Ba: Misali Daga Ƙofar Jatau

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi cinikin gida, musamman irin wanda ake yi a tsofaffin birane kamar birnin Zariya. Sau da yawa mutum yakan tara guminsa na shekara ashirin ya zuba shi cikin yini ɗaya, sa'an nan ya zo wurin malamai yana tambayar hukuncin abin da ya riga ya wuce. Alhali kuwa tun a zaure ake koya wa ɗalibi cewa tambaya ita ce gaba, aiki ya biyo baya.

Wanda ya sayi tsada

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya sani shi ne, a zance mafi shahara na mazhabar Imamu Malik, ba a warware ciniki don kawai mai saye ya gane daga baya cewa ya biya fiye da kima. Wannan shi malamai ke kira gabnu. Sun keɓe wanda ya miƙa wuya ga mai sayarwa, ya gaya masa bai san kasuwa ba, ya roƙe shi ya sayar masa yadda yake sayar wa mutane. In aka zambace shi bayan haka, yana da magana. Waɗansu malaman, kamar Ibnu Asim mai littafin Tuhfa, sun ba jahilin farashi damar kai ƙara in ƙarin ya kai sulusi kuma shekara ba ta wuce ba. Misali, gidan da masana suka yi wa kuɗi Naira miliyan 9 aka sayar masa miliyan 12. Amma fa tabbatar da jahilci a gaban alƙali ba ƙaramin aiki ba ne. Saboda haka nauyin sanin kasuwa yana wuyan mai saye, kuma lokacinsa kafin a ce an sallama ne.

Kasuwar ciki da ta waje

Ƙofar Jatau ɗaya ce daga ƙofofin ganuwar birnin Zariya, kamar Ƙofar Doka da Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kona. Wanda ya tsaya a irin wannan ƙofa yana tsakanin kasuwa biyu ne, kowace da ma'auninta. A cikin birni galibin gidaje na gado ne, ba safai ake sa su a kasuwa ba, in ma za a sayar, dangi da maƙwabta kan riga kowa ji. Darajar gida a nan tana bin faɗin filinsa, da ko mota na iya kaiwa ƙofarsa ko kuwa sai an bi lungu, da kusancinsa da kasuwa da masallaci. Sau da yawa ƙasar ake saye, gama ginin tubalin da ke kanta rushe shi za a yi.

A waje kuwa, inda gonaki suka zama fuloti, da wurare kamar Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru, abin da ke ɗaga farashi shi ne titi da ruwa da lantarki da yawan masu neman haya. Tun da jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, kana aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, baƙi da ma'aikata da ɗalibai su ne ke riƙe da kasuwar haya a waɗannan wurare. Wanda ya ji kuɗin hayar ɗaki a Samaru ya auna gidan lungun cikin birni da shi, ya auna hatsi da mudun wani gari.

Har ila yau akwai zamani. Bayan janye tallafin man fetur da sakin darajar Naira a 2023, kuɗin siminti da kwano da rodi ya tashi ƙwarai, farashin ginin bulo ya bi shi. Farashin da mutum ya ji kafin wannan shekara ba abin dogara ba ne. Hanyar da ta dace ita ce ya binciki gidaje uku ko huɗu da aka riga aka sayar a unguwar kwanan nan, ya ji abin da aka biya a hannu, gama kuɗin da mai gida ya yanka daban, wanda aka sallama daban.

Gidan na wane ne

Sharaɗin ingancin ciniki ne mai sayarwa ya zama shi ya mallaki abin, ko kuwa wakilin mai shi ne. A nan mafi yawan rigimar cikin birni take. A ɗauka mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza 2 da mata 3. Gidan zai kasu kashi 8: matar tana da 1, kowane namiji 2, kowace mace 1. Babban ɗa, ko da shi ke zaune a turaka yana yi wa gidan yaɓe kowace shekara, kashi 2 kaɗai yake da shi. In ya sayar da gidan duka, cinikin sauran kashi 6 yana rataye ne a kan yardar masu shi. Ƙanwar da aka aurar Kano ko Funtuwa haƙƙinta na nan, maraya kuwa ba a sayar da rabonsa sai ta hannun wasiyyi ko alƙali, bisa maslaha bayyananna.

Kada mai saye ya ruɗu da daɗewar mutum cikin gida. Hauzi, watau riƙon da ke hana jin ƙarar mai da'awa, shekara 10 ne tsakanin bare da bare, in mai haƙƙin yana nan yana gani ya yi shiru ba da wani uzuri ba. Tsakanin dangi kuwa malamai sun tsawaita shi ƙwarai, domin ɗan'uwa kan yi kawaici ga ɗan'uwa. Wanda aka ba aron gida ko aka jinginar masa ba ya zama mai shi don daɗewa, haka kuma gidan waƙafi ba ya sayuwa.

Sai kuma shufu'a. In bare ya sayi rabon magaji ɗaya a gidan da ba a raba ba, sauran magada suna da ikon biyansa kuɗinsa su karɓe rabon, ko yana so ko ba ya so. Wanda ke gari, ya kuma san an yi cinikin, haƙƙinsa na faɗuwa bayan kimanin shekara, amma wanda ke nesa yana kan haƙƙinsa ko ya daɗe. A wurin Malikawa abokin tarayya ne kaɗai ke da shufu'a, Imamu Abu Hanifa ne ya ba maƙwabci. Duk da haka sanar da maƙwabci kyakkyawan zama ne, kuma daga bakinsa ake jin labarin iyaka da hanyar ruwa.

Aibin gida

Wajibi ne mai sayarwa ya bayyana aibin da ya sani, ɓoye shi algus ne. Malaman Malikiyya sun kasa aibin gida uku. Akwai ƙarami wanda ba ya rage kuɗi, wannan ba a kula shi. Akwai matsakaici, kamar tsagewar bango da ba a tsoron faɗuwarsa, wannan ana rage wa mai saye gwargwadonsa. Akwai babba, kamar bangon da ake tsoron ya kawo gidan ƙasa, wannan yana ba da ikon mayar da gida a karɓi kuɗi. Amma aibin da mai saye ya gani da idonsa ya yarda, ba shi da sauran magana a kansa.

Don haka gidan cikin birni da damina ake dubansa. A lokacin ne ake gane soron da ke yoyo, da azarar da gara ta ci, da inda indararon maƙwabci ke zuba, da rijiyar da ta yi kusa da salga. Ƙasar da aka gina birnin daga kududdufai aka haƙo ta, kuma an cike waɗansunsu da shara an yi gini a kai, ruwa kuwa ba ya manta mazauninsa. Tsoffin unguwa sun san waɗannan wurare, tambayarsu ba ta cin ko kwabo. Ginin ƙasa yana ƙarko in ana kula da shi, amma tsufa gaskiya ne. Babban Masallacin Juma'a da Babban Gwani Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wani sashensa ya rufta a watan Agusta na 2023 ana cikin salla, aka yi hasarar rayuka, Allah ya jiƙansu. Mai sayen tsohon gida ya tafi da magini, ya sa kuɗin gyara cikin lissafinsa.

Takarda da hukuma

Aya ta 282 ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, ta yi umurni da rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki. Sa hannun mai unguwa da na shaidu adilai yana da amfani babba, gama su suka san asalin gida. Amma dokar ƙasa tana neman ƙari. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen birane a hannun gwamnan jiha bisa amana, ta kuma shar'anta yardarsa kafin a miƙa haƙƙin zama ga wani. A 1989 Kotun Ƙoli ta yanke cewa wannan ya haɗa har da waɗanda suka riƙe filayensu tun kafin dokar. A Jihar Kaduna hukumar KADGIS ke riƙe da rajistar filaye, hukumar KASUPDA kuma ke ba da izinin gini. A wurinsu ake gane ko fili na makaranta ne, ko hanya za ta bi ta kansa. A 2015 an rushe gidaje a Zariya waɗanda gwamnati ta ce an gina su cikin filin Kwalejin Alhudahuda. Ita kanta ganuwa tana cikin kayan tarihi da dokar ƙasa ta kare, saboda haka fulotin da aka yanka a gindinta abin tsoro ne kome arharsa. Sayen abin da ba a da tabbacin zai tabbata a hannu yana kusa da garari, wanda shari'a ta hana.

Dillali da kafin alƙalami

Dillanci sana'a ce halal, la'ada kuma halal ce in an san adadinta da wanda zai biya tun farko. Abin da aka haramta shi ne najashu, watau a kawo wanda ba saye zai yi ba ya riƙa ƙara kuɗi don a zuga mai saye, ko a ce wani ya taya kaza alhali ba a yi ba. Haka nan haramun ne shiga cinikin wani bayan an daidaita. Kafin alƙalami kuwa, in da sharaɗin mai gida zai cinye shi idan ciniki ya fasa, Imamu Malik ya hana, Imamu Ahmad ya halatta. Mafita ita ce a rubuta cewa yana cikin kuɗin gida in an saya, ana mayar da shi in an fasa. Malikawa sun kuma yarda a yi ciniki da sharaɗin zaɓi har kimanin wata ɗaya a kan gida, wanda ya isa a ji ta bakin magada a kuma leƙa ofishin filaye.

Wanda dillali ya ce masa ya biya yau ko gida ya kuɓuce, ya nemi wannan wata ɗaya. In aka ba shi ya bincika, in aka hana shi ya riƙe kuɗinsa, ya nemi zaɓin Allah, ya duba gaba. Allah ya azurta Musulmi da muhalli na halal da maƙwabta na ƙwarai, amin. Allah shi ne Masani.