DARASI: Ƙaura Daga Briketeri Zuwa Tudun Adamawa Ba Tare Da An Cinye Jari Ba



A zaman da muke yi bayan la'asar a nan Briketeri, da wuya mako ya wuce wani bai tayar da maganar barin Yawunde ba. Wannan ya ce mai gida ya ƙara masa kuɗin haya, wancan ya ce ɗaki biyu gare shi da iyali tara, wani kuma ya ce duk ribar da ya samu a kara, cefane da kuɗin makaranta ke lashe ta kafin wata ya raba. Daga nan sai ka ji an ce, to me ya hana mu koma tudu, inda shanun suke fitowa? Shi ya sa muka ga ya dace darasin wannan fitowa ya tsaya kan wannan batu, domin mun ga waɗanda suka tafi suka ji daɗi, mun kuma ga waɗanda suka dawo da 'yar jakar hannu kawai.

Abin da muke so a riƙe tun farko shi ne: gida ake ɗauka a kai tudu, kasuwa tana nan inda take. Masu cin nama suna Yawunde da Duwala, da kan hanyar Kiyosi zuwa Gabon da Gini Ikwatoriya. Wanda ya manta wannan, ya sami gida mai araha amma ya rasa abin da zai ciyar da gidan.

GARURUWAN DA AKE MAGANA A KAI

Na farko Ngaundere, hedkwatar Adamawa, wadda ke gindin dutsen da ta ci sunansa. Tudunta ya kai wajen mita 1,100 daga bakin teku, alhali Yawunde ba ta wuce mita 750 sosai ba. A nan layin dogo ya tsaya tun 1974, kilomita 622 daga Yawunde, kuma tun 1999 kamfanin Camrail ke tafiyar da shi. Daga nan titi ya miƙe zuwa Garwa, wani kuma ya bi ta Tuboro ya shiga Mundu a ƙasar Cadi. Akwai unguwar Hausawa, akwai asibitoci, akwai jami'a a Dang, akwai tashar binciken dabbobi a Wakwa. Sai dai fa Ngaundere birni ce, ba ƙauye ba. Arahar tana unguwannin bayan gari, amma kusa da tashar jirgi da babbar kasuwa da wajen 'yan jami'a, haya ba ta da sauƙin da ake zato.

Na biyu Ngaundal, a yankin Jerem. Ƙaramin gari ne a gindin nasa dutsen, jirgi yana tsayawa a can kafin ya isa Ngaundere, kuma hanyar Tibati da ta Maiganga duk sun haɗu a wajensa. Ga mai ƙaramin jari da ke son zama kusa da dogo, wannan gari ya cancanci a duba shi. Amma idan ciwo ya yi tsanani, sai an yi tafiya kafin a kai ga babban asibiti.

Na uku Maiganga, hedkwatar Mbere, a kan titin kwalta da ya taso daga Bertuwa ya bi ta Garwa Bulai. Ita ce ƙofar kasuwar Ngawi da shanun da ke shigowa daga Afirka ta Tsakiya. Wanda ke wannan layi ya san yadda rikicin 2013 ya hargitsa shigowar shanu daga can, ya kuma cika yankin da 'yan gudun hijira. Saboda haka mai zama Maiganga kada ya dogara ga kasuwa ɗaya.

Na huɗu Banyo, a gindin dutsen Jumbal, tana fuskantar tudun Mambila da Gembu a jihar Taraba. Ta dace da mai ciniki da Nijeriya. Babu dogo a can, don haka sai a zauna da direbobin manyan motoci a ji halin hanya da damina kafin a yanke shawara. Haka nan a tuna yadda naira ta faɗi tun 2023: wanda ya sayar da naira ya dawo ya canza zuwa sefa, sau da yawa ribarsa a wajen 'yan canji take narkewa.

LISSAFI KAFIN HARAMA

Mu da kan sa muka saba lissafi, to bari mu yi da shi. A ɗauka misali jarinka ya kai shanu 20. Shawararmu ita ce 14 su ci gaba da juyawa a kasuwa, ba a taɓa su ko da wasa. Biyu su tafi a hayar gida ta shekara guda da jigilar kaya da iyali. Biyu kuma cefanen wata shida ne, domin kafin ka san kasuwar wuri, wurin ma ya san ka, sai an ɗauki lokaci. Biyun ƙarshe ajiya ce, saboda rashin lafiya ko sa ya karye a mota. Idan ka yi wannan rabo ka ga abin da ya rage ba zai cika maka lodi ba sai ka yi haɗaka da wasu, to lokacin ɗaukar iyali bai yi ba tukuna. Ka tafi kai kaɗai, ka sauka wajen fatoma, ka yi kaka guda kana kai da komowa.

Akwai wani ɗan'uwanmu, ba sai mun ambaci suna ba, da ya sayar da shanunsa kusan duka ya sayi fili a bayan gari, ya kafa harsashin ɗaki shida. Gini ya kai linta kuɗi suka ƙare. Ba rufi, ba jari. Ya dawo nan yana dillanci yana jiran la'ada a hannun yaran da shi ya koya wa sana'a. Da ya kama haya ya bar shanunsa suna juyawa, da riba ce za ta yi masa ginin, ɗaki ɗaya bayan ɗaya. Da ma an ce sannu ba ta hana zuwa.

MAGANAR FILI

Idan lokacin sayen fili ya zo, a kula da abu uku.

Na ɗaya, takarda. Dokar ƙasa ta 6 ga Yuli 1974 ita ce tushen sha'anin filaye a Kamaru, kuma shaidar mallaka da hukuma ta sani ita ce wadda muke kira tit fonsiye. Fili mai irin wannan takarda a gaban nota ake sayar da shi. Takardar da jauro ya sa wa hannu da shaidu tana da amfani wajen zaman lafiya da maƙwabta, amma ba ta tsayawa a madadin waccan. Waɗanda suka ga rusau ɗin Ntaba a 2008 ba su bukatar a yi musu dogon bayani. A je ofishin filaye a bincika kafin a miƙa ko dala. Mun san fili ɗaya da aka sayar wa mutum uku, kowanne da takardarsa da shaidunsa.

Na biyu, wurin da filin yake. Filin gindin dutse da na kan gangare sun fi araha, kuma akwai dalili. A watan Oktoba 2019 ƙasa ta zaftare a unguwar Gwashe ta Bafusam, mutum fiye da 40 suka rasu. A Oktoba 2023 irin haka ta faru a Mbankolo, nan cikin Yawunde, mu duka mun ji, wasunmu sun je sun gani. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Don haka a je a ga fili a watan Agusta, lokacin da ruwa ke zuba, a ga inda yake bi.

Na uku, ruwan sha. A koma a watan Fabrairu ko Maris a leƙa rijiyoyin unguwa. Wurin da ke kore shar da damina yana iya zama wurin da yara za su yi ta yawo da jarka da rani.

SHANU DA IYALI A TUDU

Adamawa gidan Gudali ce, ga ciyawa daga Afrilu har Oktoba, ga ruwan kanwa na Lahore a kusa da Wakwa da makiyaya suka daɗe suna kai garke. Amma kada mutum ya ɗauka tsando ya ƙare. An yi ta feshi tun tsakiyar shekarun 1970, tudu ya samu sauƙi, sai dai kwaruruka da bakin rafuka na gefen tudu, inda ake kai shanu da rani, har yanzu ana kwaso sammore a can. A sa kuɗin allura da maganin kaska da dusar rani cikin lissafi, a kuma riƙe takardar likitan dabbobi a duk lodi.

Game da iyali, a yi shawara da uwargida tun kafin a kama gida. Ita ce za ta bar 'yan'uwanta da adashinta da 'yar sana'arta ta cikin gida. Ƙaurar da aka yi ba da yardarta ba, yawanci ba ta shekara. Yara kuma a nemo musu gurbi a lekol da Islamiyya kafin komawar watan Satumba, a karɓo takardunsu daga tsohuwar makaranta. A tanadi barguna da rigunan sanyi, domin sanyin Disamba da Janairu a tudu yana kama ƙirjin yara da tsofaffi. Sannan a koyi Fulatanci, shi ne harshen kasuwa a can. Wanda ke ciniki ta bakin tafinta, rabin maganar kawai yake ji.

TSARO

Wannan ba abin ɓoyewa ba ne. Tsakanin 2015 da 2019 satar mutane don kuɗin fansa ta yi tsanani a dazuzzukan Vina da Mbere da Faro-Dewo. Makiyaya da dama sun sayar da garkensu sun fanshi 'ya'yansu, sun gudo gari hannu biyu. Gwamnati ta ƙara sojoji, amma baƙo mai shanu dole ya kula da kansa. A zauna cikin gari, ba a ruga ba. Kada a faɗi ranar tafiya kasuwa a majalisa. Kada a ɗauki kuɗi a ƙugu alhali ana iya turawa ta waya ko ta banki. Da isa kuma a je a gaida mai unguwa da sarkin Hausawa da shugabannin kara, a gabatar da kai. Wanda gari ya sani, gari ke tsare shi.

KADA A RUFE ƘOFAR BRIKETERI

Ga inda da yawa ke tuntuɓe. Cinikinmu da mahauta na bashi ne: a ɗauki sa yau, a biya bayan an sayar da nama. Wanda ya yi nisa, shi ake biya a ƙarshe. Saboda haka kafin ka tashi, ka zauna da kowane mahauci a gaban sarkin pawa ko shaidu biyu, a rubuta abin da kake bin sa da ranar biya. Kai ma ka sauke duk nauyin da ke kanka, kada a ce ka gudu da haƙƙin mutane. Ka bar amintaccen mutum da zai tarbi lodinka, ku yanke la'adarsa a rubuce. Idan da hali, mutum uku ko huɗu su haɗa kuɗi su riƙe ɗaki guda a nan na sauka. Kuɗin ƙungiya kuma a ci gaba da biya, domin ranar da mota ta tsaya a shinge ko aka riƙe takarda, ƙungiya ce za ta tashi.

Ga tambayoyi uku da muke roƙon kowane reshe ya tattauna a zamansa na gaba. Shanu nawa ne cikin jarinka za ka iya cirewa ba tare da lodinka ya tsaya ba? Wane ne zai karɓar maka bashi a Yawunde idan ba ka nan? Cikin garuruwan nan huɗu, wanne ne ke kan layin da ka riga ka sani? Waɗanda suka riga suka koma tudu kuma, muna jiran wasiƙunsu ta hannun sakatare, su gaya mana abin da suka tarar, mai daɗi da marar daɗi, don na baya su amfana.

Allah Ya sa albarka a nema, Ya kai mu lafiya Ya dawo da mu lafiya. Wassalam.