Darasin Lafiyar Iyali: Cinyar Uwa Ba Bel Ba Ce

Wannan darasi domin zumuntar mata ne, da malaman makarantar Lahadi, da duk uban da yake kai yara makaranta. A fara da karanta Maimaitawar Shari'a 22:8, inda aka umarci mai gina sabon gida ya kewaye rufinsa don kada wani ya faɗo alhakin jini ya hau kansa. Wato tsare haɗari tun bai faru ba aikin mai gida ne. Mu a Gyadi-Gyadi da Tarauni, rufin da yaranmu suke faɗowa daga kai shi ne babur da mota da adaidaita sahu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. A Nijeriya an kafa Hukumar Kiyaye Haɗura a 1988, aka fara tilasta ɗaura bel a 2003, hular kwano kuma a 2009. Amma a titin Zariya ko na Maiduguri da safe, direba za ka gani da bel, jariri kuwa yana kan cinyar uwa a kujerar gaba.

Uwa takan ce, "Ai ina riƙe da shi." 'Yar'uwa, riƙo ba ya isa. Idan mota tana gudun kilomita 50 a awa ta yi karo, jikin yaro yakan fizge da ƙarfin da ya kai kusan ninki 30 na nauyinsa. Yaro mai kilo 10 ya zama kamar kilo 300 ke nan, buhun masara uku. Wace mace ce za ta riƙe wannan? Ko dai ya kuɓuce ya bugi gilashi, ko uwar ta danne shi da ƙirjinta. Kada kuma a haɗa uwa da ɗa cikin bel ɗaya, gama nauyinta zai matse cikinsa. Wurin yaron da bai kai shekara 12 ba kujerar baya ce, a ɗaure. Kujerar jarirai tana da tsada, gaskiya ne, amma iyalai biyu ko uku a ikilisiya ɗaya suna iya saye su riƙa ba juna aro, tun da jariri ba ya daɗewa a cikinta. A gefen ƙofar baya ta yawancin motoci akwai ɗan makulli da ke hana buɗewa daga ciki. A danna shi.

Gwamnatin Kano ta hana acaba a birni a Janairun 2013, sai dai baburan gida suna nan, kuma su ne motar talaka. Yaron da aka ɗora kan tanki shi ne zai fara tashi in an taka birki. Na baya, in ƙafarsa ba ta kai matakin ba, diddigensa na iya shiga taya ko ya ƙone a salansa. A ganina yaron da ƙafarsa ba ta kai mataki ba bai isa hawa babur ba, ko da tafiyar daga kasuwar Tarauni zuwa gida ce kawai. Hular kwano ta babba kuma ba ta tsare kan yaro, faɗuwa take yi kafin ya kai ƙasa. A nemi daidai kansa, a ɗaure igiyar.

A adaidaita sahu, tun da ba ƙofa, yaro a tsakiya, babba a bakin. A sauka ta gefen da ba motoci.

In haɗari ya faru, kada a ciccibi yaro ta hannu da ƙafa, kada a ɗura masa ruwa. A riƙe kansa da wuyansa a miƙe, a kira 122, lambar Hukumar Kiyaye Haɗura. Asibitin Malam Aminu Kano yana kusa da mu, na ƙashi kuma yana Dala. Ko yaro ya tashi yana wasa, a sa masa ido kwana biyu. Amai, barci mai nauyi, ko jini ko ruwa daga kunne alamar rauni ne a cikin kai. Wannan ba aikin mai ɗori ba ne, asibiti za a nufa nan take, ko da tsakar dare ne.

Tambayar tattaunawa: yara nawa ne a ikilisiyarku suke zuwa sujada a kan tankin babur, kuma wa yake da gurbi a bayan motarsa?