Akwatin Mai Koyon Haɗa Kayan Lantarki: Me Ya Kamata Ya Ƙunsa?

Gabatarwa

Abokanmu na tsangayar kimiyya sukan tambaye mu ko Hausar da muke nazari za ta iya ɗaukar darasin fasaha daga farko har ƙarshe. Tun da gani ya kori ji, na ga ya fi kyau in gwada maimakon in tsaya musu. Na zaɓi abin da nake yi a lokacin hutu, wato haɗa ƙananan kayan lantarki kamar fitila mai ƙyaftawa ko 'yar ƙararrawar ƙofa. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana kayan da mai koyo zai tanada, da amfanin kowanne, da sunan da zai kira shi da Hausa.

Batun Sunaye

Yawancin sunayen aro ne, kuma sun bi ƙa'idojin da muka koya a darasin aron kalmomi. Harafin "p" yakan koma "f", shi ya sa muke cewa filaya da kafasita. Harafin "v" yakan koma "b", kamar a bidiyo da direba, don haka ma'aunin ƙarfin wuta ya zama bolt. Inda baƙaƙe suka cunkushe kuwa, a kan saƙa wasali a tsakaninsu, kamar a taransista da sukudireba. Wuri ɗaya na bar sunan yadda yake, wato ɗan ƙwan fitilar da ake kira LED. Da na mai da shi "leda", da mai shago ya miƙo mini jakar zuba kaya.

Kayan Aiki

Na farko shi ne allon gwaji. Farin allo ne na roba mai ramuka jere, ana soka ƙafafun kaya a ciki su haɗu ba tare da an liƙe su ba. In haɗin bai yi ba, sai a zare a sake. Yana buƙatar gajerun wayoyi masu launi daban-daban. Al'ada ita ce ja ga ɓangaren tarawa, baƙi ga ɓangaren ɗebewa.

Na biyu shi ne mita, idon mai wannan aiki. Wuta ba ta ganuwa, sai mita ce za ta faɗa maka ko batir ya mutu, ko waya ta tsinke a ciki. A nemi mai nuna lamba, wadda take yin ƙara idan wayoyi biyu sun haɗu.

Na uku shi ne ƙarfen narka dalma, mai ƙarfin wat 25 zuwa 40, tare da mazauninsa da zaren dalma. Zaren da aka saba da shi kashi 60 kuza ne, kashi 40 dalma, yana narkewa a wajen digiri 190. Sauran su ne ƙaramar filaya, da abin yanke waya, da sukudireba mai lebe da mai tauraro, da baƙin tef na naɗe waya.

Rizista da Karatun Launuka

Rizista ita ce za ka fi amfani da ita, saboda haka zan daɗe a kanta. Aikinta rage yawan wutar da ke wucewa, kamar yadda siririn bututu yake rage gudun ruwa. Ana auna ta da om, sunan da aka ɗauko daga Georg Ohm, Bajamushen da ya wallafa dokarsa a 1827. Saboda ƙanƙantarta ba a rubuta lamba a jikinta, sai a zana zobba masu launi. Ga ma'anarsu:

baƙi 0, ruwan ƙasa 1, ja 2, ruwan lemo 3, rawaya 4, kore 5, shuɗi 6, shunayya 7, ruwan toka 8, fari 9.

A rizista mai zobe huɗu, zobba biyun farko lambobi ne, na uku yana faɗin yawan sifirin da za a ƙara. Na huɗu, wanda yawanci ruwan zinariya ne, yana nuna cewa ƙimar za ta iya ƙaruwa ko ta ragu da kashi 5 cikin ɗari. Misali, rawaya da shunayya da ruwan ƙasa na nufin 4 da 7 da sifiri ɗaya, wato om 470. Ruwan ƙasa da baƙi da ja kuwa om 1,000 ke nan. Mai koyo ya sayi goma-goma na om 220, 470, 1,000, 10,000 da 100,000.

Ga dalilin da ya sa ba a yi sai da ita. A ce kana da batir mai bolt 9, kana so ka kunna jan LED. Shi LED ɗin bolt 2 kawai yake ci, kuma bai kamata wutar da ke ratsa shi ta wuce amfiya 0.02 ba. Saura bolt 7 ke nan da rizista za ta ɗauke. Dokar Ohm ta ce a raba bolt da amfiya: 7 a raba da 0.02 ya ba da 350. Da yake ba a cika samun mai om 350 a shago ba, sai a ɗauki ta sama da ita, 390 ko 470. Wanda ya haɗa LED da batir kai tsaye zai ga haske sau ɗaya, daga nan ƙwan ya ƙone.

Sauran Ƙananan Kaya

LED yana da ƙafa biyu, doguwar ita ce ta ɓangaren tarawa. In an juya shi ba zai kama ba. A tanadi ja da kore da rawaya da fari.

Kafasita tana ajiye wuta na ɗan lokaci sannan ta sake ta. Iri biyu ne za a saya. Akwai 'yar fale-fale mai kama da ƙwayar magani, wadda aka fi nema ita ce mai lamba 104, kuma ana iya soka ta ta kowace fuska. Akwai kuma mai kama da 'yar ganga, mai layi a gefe ɗaya da ke nuna ƙafar ɗebewa. Wannan in aka juya ta takan kumbura, har ta fashe.

Diyod yana barin wuta ta bi hanya ɗaya kawai. 1N4007 ya isa farawa. Taransista tana da ƙafa uku, kuma da 'yar wuta kaɗan a ƙafa ɗaya take sarrafa wuta mai yawa a sauran biyun. An ƙirƙiro ta a ɗakin binciken Bell da ke Amurka a 1947. BC547 ko 2N2222 guda goma sun wadatar.

Daga cikin masu ƙafafu da yawa, waɗanda masu gyara ke kira ayisi, a fara da 555. Ta shiga kasuwa a 1972, ƙafafunta takwas ne, kuma da ita da rizista biyu da kafasita ɗaya ake sa fitila ta riƙa ƙyaftawa. A haɗa da 7805, mai mai da bolt 9 ko 12 zuwa 5, da makunni, da 'yar ƙararrawa, da hular batir. Allon Arduino, wanda aka fara yi a Italiya a 2005, ya jira har hannu ya faɗa.

Saye da Ajiya

Ana samun waɗannan kaya a kasuwar Alaba ta Legas, da Sabon Gari ta Kano, da shagunan masu gyaran rediyo a kusan kowane gari. Tun da aljihun ɗalibi ba shi da zurfi, shawarata ita ce a fara da allon gwaji, batir, rizista, LED da mita. Ƙarfen dalma ya biyo baya. Tsohuwar rediyo da ta mutu ma rumbu ce ta kaya kyauta. A ware kowane iri a ambulan ko kwalbar magani, a rubuta sunansa da ƙimarsa a jiki.

Gargaɗi

Rigakafi ya fi magani. Wutar bango a Nijeriya bolt 230 ce, kuma tana kisa. Mai koyo ya tsaya kan batir. Kada a buɗe tsohuwar talabijin, domin kafasitocinta kan riƙe wuta ko bayan an cire ta daga soket. A narka dalma inda iska ke shiga, kuma a wanke hannu kafin a ci abinci, saboda dalma guba ce.

Kammalawa

Mun ga kayan aiki, da ƙananan kaya, da yadda ake karanta rizista da lissafa ta. Ga aiki biyu ga mai karatu. Na ɗaya, rizista mai zobba ja, ja, ruwan ƙasa om nawa ce? Na biyu, "allon gwaji" ƙirƙirata ce, ba ta riga ta zauna a bakin jama'a ba. Wanda yake da sunan da ya fi shi, ko sunan Hausa da zai dace da LED, ya aiko wa wannan mujalla domin mu tattauna a fitowa ta gaba.