Yadda Ake Yi wa Karya Barbarar Fari

Karyata Durwa tana da wata takwas na ga ɗigon jini a simintin ɗakin da nake ajiye takin zamani a lambu. Kafin kwana uku karnukan da ban taɓa gani ba sun yi dafifi a bayan zana, dare ya zama na haushi da faɗa. Na wanke ƙafa na tafi gidan Sarkin Baka neman aron jan karensa, wanda duk 'yan farautar yankinmu suka san shi.

Ya saurare ni yana gyaran ɗamarar layu, sannan ya ce, "Malam, yarinya ce. Ka bari ƙashinta ya cika."

Na ce, "Baba, ai ita ta nema."

Ya ce, "Sauri ya haifi nawa. Je ka kulle ta."

Likitan dabbobi ma abin da ya faɗa ke nan, da nasa harshen. Karyar gida takan fara neman namiji tsakanin wata 6 zuwa 12, manyan iri kamar Alseshan da Boerboel kuwa sukan kai shekara ɗaya da rabi. Amma a zuwan farko ita kanta ba ta gama girma ba, kuma karyar da ta haihu da ƙuruciya takan yi watsi da 'ya'yan ko ta danne su. Don haka ana tsallake na farko a jira na biyu ko na uku, ta kai shekara ɗaya da rabi zuwa biyu. Tsallakewar tana nufin mako uku a kulle a ɗaki mai ƙofa da daɓen siminti, domin zana da kara ba sa tare namijin da ya ji ƙanshi. In bai haura ba zai haƙa ta ƙasa.

A watannin jiran ne mutum zai zauna ya ƙirga hannayen da za su karɓi 'ya'yan. Karya na iya zubo shida ko takwas, manya har goma. A wajenmu ana riƙe kare ne don farauta, gadin gona ko tsaron dabbobi, kuma masu wannan buƙata ba su da yawa kamar yadda ake zato. Wanda bai samu mutum biyar da suka yi alkawari ba, gara ya bar karyarsa a kulle. Kwiyakwiyan da ake tsinta a kwali a bakin bola, galibinsu daga nan suka fito.

Saura kamar wata guda lokacinta ya zagayo, wanda yakan kasance bayan wata shida ko bakwai, sai a kai ta asibitin dabbobi. A sabunta mata allurar haukan kare, wadda cibiyar binciken dabbobi ta Vom, da aka kafa tun 1924, take haɗawa a nan gida. A yi mata ta rigakafin amai da zawon jini, a ba ta maganin tsutsar ciki, a raba ta da kaska. Dole a gama da allurai kafin ciki ya shiga, don wasunsu na cutar da ɗan tayi, kuma kariyar da ta samu yanzu ita za ta bi nono zuwa ga 'ya'yan. Jikinta ya zama tsaka-tsaki: ka shafa haƙarƙari ka ji shi, amma kada ido ya ƙirga shi daga nesa.

Namiji kuma ba a zaɓensa don girman kai ko kyan gashi. Kada ya zama ubanta ko ɗan'uwanta. Kada ya fi ta girma da nisa, don 'ya'yan za su iya tokarewa a hanya. A duba tafiyarsa ko yana jan ƙugu, a duba halinsa, domin kare mai cizon yara yakan bar wa zuriyarsa gado. Wanda ya taɓa yin barbara ya fi dacewa da sabuwar karya. Akwai wani wurin da mutane ke jin kunyar dubawa, alhali nan ne haɗarin yake: gabansa. Karnukan da ke yawo suna ɗauke da wani tsiro ja mai kama da daddatsattsen nama, yana ɗigar jini, kuma ta barbara yake yaɗuwa. Yana jin magani a hannun likita, amma in an gan shi a fasa barbarar. A kuma yanke maganar lada tun yanzu, kuɗi ne ko kwikwiyo ɗaya, wa zai fara zaɓa, a gaban shaida.

Ranar da aka ga jinin farko ita ce rana ta ɗaya, a rubuta ta a bango. Kusan kwana tara gabanta na kumbure, jinin ja ne sosai, maza na binta tana zaune daɓas tana yage musu haƙora. Daga nan jinin zai dusashe ya koma kamar ruwan wankin nama, kumburin ya yi laushi. In ka sosa mata gadon baya kusa da gindin wutsiya, ta tsaya cak ta karkatar da wutsiyar gefe, to lokaci ya yi. Yawanci hakan na faɗowa tsakanin rana ta 10 da ta 14, amma akwai mai shiryawa a ta 7, akwai mai kaiwa ta 18. Lissafin bango taimako ne kawai, wutsiyar ce ke yanke hukunci. Wanda ke kusa da asibitin koyarwa na dabbobi, irin na Zariya ko Sakkwato, yana iya sa a shafo ruwan gabanta a duba don tabbatarwa.

Macen ake kai wa gidan namiji, don shi a baƙon wuri yakan shagala da sunsune-sunsune. Da sanyin safiya ko bayan la'asar, ba 'yan kallo. Ranar da na kai Durwa gidan Baba, ta yi ta zagaye da wasa fiye da rabin sa'a, ni ina ta ƙosawa, Baba yana zaune a kan turmi ko kallonsu ba ya yi. Bayan namiji ya hau, gabansa yakan kumbura a ciki su ƙulle, ya sauko ya juya su ba juna baya. Wannan ne abin da yaran unguwa ke bi da jifa da watsa ruwa, kuma raba su da ƙarfi yana ji wa dukkansu rauni. Ƙullin na ɗaukar minti biyar zuwa talatin, ya saki da kansa. Sabuwar karya takan firgita ta yi ƙara ta nemi fizgewa, don haka mai ita ya durƙusa ya riƙe ta a wuya yana lallashi. A tsallake kwana ɗaya a sake kai ta. Tawa an yi ranar 14 da 16 ga Oktoba.

Bayan nan ma kulle bai ƙare ba, sai ta daina karɓar namiji gaba ɗaya, domin ciki ɗaya na iya ɗaukar 'ya'yan uba biyu.

Cikin karya kwana 63 ne, da ɗan ragi ko ƙari, daga 58 zuwa 68 in an ƙirga daga barbara. Nono ya ciko ba hujja ba ne, don karya na yin cikin ƙarya har ta kawo ruwan nono. Hoton ciki daga kwana 25 zuwa 30 shi ke raba gardama. Makonni biyar na farko abincinta na kullum ya isa. Daga na shida a riƙa ƙarawa a hankali har ya kusa ninki ɗaya da rabi, kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu a rana, da nama, kifi ko dafaffen ƙwai, don ragowar tuwo kaɗai ba ta gina 'ya'ya. Ba a ba ta ƙwayar kalsiyam da ciki, yana jawo mata jijjiga lokacin shayarwa. Farauta kuma ta tsaya.

Saura kwana goma a shirya mata kusurwa mai duhu da katanga 'yar gajera da tsofaffin buhunan algarara, ta saba da wurin. A makon ƙarshe a riƙa auna zafin jikinta safe da yamma. Daga digiri 38 zuwa 39 da ta saba, in ya sauko wajen 37, haihuwa na cikin kwana guda. Za ta ƙi abinci, ta yi ta haki da tonon shimfiɗa, wani lokaci sa'a 12, mai haihuwar fari har ta wuce haka.

Da kanta take yage jakar da ɗan ya fito a ciki, ta lashe shi, ta gutsure cibiya. In ta tsaya tana kallonsa a ruɗe, kai za ka yage jakar daga hanci, ka goge shi da tsumma mai tsabta har ya yi kuka, ka ɗaure cibiya da zare, ka yanke, ka shafa aidin. Abu uku ne ke sa a ɗauke ta zuwa asibiti ba shawara: yunƙuri mai ƙarfi na minti talatin ba ɗa, ko ta wuce sa'a biyu zuwa huɗu shiru alhali da saura a ciki, ko koren ruwa ya fito kafin ɗan farko. Allurar naƙuda ta kemis, in ɗa ya gicciye, mahaifa take fasawa.

Durwa ta haihu daren 16 ga Disamba, hunturu na kaɗawa. Jaririn kwikwiyo ba ya iya ɗumama kansa, sai da na toshe taga na naɗe galan ɗin ruwan ɗumi a bargo na ajiye gefensu. Na tabbatar kowanne ya kama nono a sa'o'in farko, don dakashin ranar farko ne ke ɗauke da kariya. Idanunsu sun buɗe bayan kwana goma sha biyu, a mako biyu suka sha maganin tsutsa, a na huɗu suka fara lasar koko da kifi, a na shida aka yi musu allurar farko. Ba wanda ya bar uwarsa kafin mako takwas.

Shida ta haifa. Biyar jajaye ne masu dogayen ƙafafu, na shidan baƙi ne guntu mai farin ƙirji. Ranar da Baba ya zo ɗaukar nasa ya ɗaga baƙin da hannu ɗaya, ya juya shi, ya ce, "Wannan ba na gidana ba ne." Sai a lokacin yaron da ke mini ban ruwa ya sunkuyar da kai ya ce akwai yammacin da ya bar ƙofa a buɗe ya je ɗauko buhu, kuma karen mai injin niƙa na wajen. Baba ya ajiye baƙin, ya zaɓi mace ja mai faɗin ƙirji, ya zura ta a aljihun babbar rigarsa. Baƙin yana nan a lambu har yau.