Yadda Ake Gano Abin da Ke Sa Tsohuwar Mota Zafi a Bazarar Daura

Daga tsakiyar watan Maris har zuwa faɗuwar ruwan farko, duk mai bin hanyar Daura zuwa Kano ta Kazaure, ko ta Katsina ta Mashi, ko ta Kwangwalam mai shiga Nijar, ba zai rasa ganin mota a gefen titi an ɗage mata bonet ba. Fasinjoji sun fake a inuwar bedi, yaron mota ya nufi ƙauye da jarka. A wannan tsakanin zafin rana kan haura digiri 40, shi ya sa direbobi ke ɗora wa bazara laifi. Amma bazara ba ta lalata lafiyayyar mota, asirin mai ciwo take tonawa. Lagireton da rabinsa ya toshe zai iya kai mota ƙarshen hunturu lami lafiya, domin iskar da ke ratsa shi mai sanyi ce. Da iskar ta koma mai ƙuna, ga lodin ranar Lahadi ta kasuwar Mai'adua, sai abin da ke ɓoye ya fito fili.

Motocin da ke ɗauke da jama'ar masarautar nan, daga Zango da Ɓaure zuwa Sandamu, yawancinsu sun kwana biyu a duniya: Golf, Sharan, Hiace, J5, da ragowar Fijo 504 irin waɗanda kamfanin Peugeot ya riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antarsa a 1975. Kowacce da halinta, amma hanyar sanyaya injinsu ɗaya ce. Kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin man da inji ke ƙonawa, ruwa ne ke kwashe shi. Famfon ruwa na tura ruwan ya zagaya cikin inji, ya fito da zafi ta tiyon sama, ya gangara ta siraran bututun lagireto, iska ta sanyaya shi, ya koma ta tiyon ƙasa. Idan mota ta yi zafi, ɗayan huɗu ne: ko ruwan ya yi kaɗan, ko ba ya zagayawa, ko iska ba ta ratsa lagireto, ko kuma injin yana haifar da zafin da ya fi ƙarfin ruwan. Duk binciken neman wanne ne daga ciki.

Da fari dai, abin da za a yi a kan hanya. Da zarar allurar zafi ta doshi ja, a kashe na'urar sanyaya ɗaki idan akwai, a gangara gefe, a kashe inji. Kada a ce bari a lallaɓa a ƙarasa Kazaure ko Mashi. 'Yan mintunan nan su ne ke kai mutum ga sayen sabon inji. A ɗage bonet, a ba ta aƙalla rabin awa. Kada a taɓa murfin lagireto da zafinsa, domin ruwan ciki ya wuce zafin tafasa, matsi ne kawai ke riƙe da shi, da an sassauta murfin zai yi tsiri ya saɓule fatar hannu da fuska. Kada kuma a sheƙa wa inji ruwan sanyi a ka, ƙarfen kan silinda na iya karkacewa ko ya tsage. Idan tiyon sama ya yi laushi, hannu na iya jure shi, sai a ɗora tsumma a kan murfin, a murɗa kaɗan, a bar hucin ya fita, sannan a buɗe. A Golf da Sharan murfin ba a jikin lagireto yake ba, yana kan tulun robar nan da ke gefen inji.

To, an iso gareji. Bakaniken kirki ba ya fara ɗaukar sifana, tambaya yake fara yi. Zai ce, "Alhaji, a ina take yi maka? Kana tsaye ne ko kana gudu?" Wannan tambayar ita ce rabin aikin, kuma wajibi ne direba ya zo da amsarta. Motar da ke zafi a cunkoson kasuwa ko a layin shan mai, amma allura ta sauka da ta hau titi, matsalarta fanka ce, tun da iskar gudu na yi mata abin da fankar ta kasa. Wadda ke zama lafiya cikin gari, sai an miƙe a hanyar Katsina, an yi kilomita talatin ko arba'in sannan allura ta fara hawa a hankali, tata matsalar lagireto ne ya toshe ko famfo ya gaji. Wadda ke tafasa cikin minti goma da tayarwa, ko da sanyin safiya ne, a zargi tamostat, wato ƙofar da ke buɗe wa ruwan zafi hanyar lagireto, da ya maƙale a rufe, ko iska da ta shiga layin ruwa. Wadda kuwa kullum sai an ƙara mata ruwa alhali ba a ga ɗigo a ƙasa ba, ita ce mai tayar da hankali, za mu zo kanta.

Binciken farko da safe ake yin sa, inji na sanyi. A duba ruwa ko ya kai bakinsa, a kuma duba launinsa. Ruwa ja kamar na kududdufi shaida ce ta tsatsa a ciki. Sai a bi tiyo-tiyo da hannu ana matsawa: wanda ya kumbura, ko ya yi taushi fiye da kima, ko ya bushe yana tsattsagewa, kwanansa ya ƙare. A lura da wuyan kowane tiyo inda aka ɗaure shi, a nemi farin busasshen tabo, domin ƙaramin yoyo a kan inji mai zafi ba ya kaiwa ƙasa, bushewa yake yi ya bar alama. A leƙa ƙarƙashin famfon ruwa, akwai wani ɗan rami a cikinsa. Idan yana zubar da hawaye, robar ciki ta mutu. A kama fulin famfon a girgiza, bai kamata ya yi wasa ba. A danna fambel da babban yatsa a tsakiyarsa, kada ya lotsa fiye da santimita ɗaya ko ɗaya da rabi.

Akwai wani ƙaramin abu da ake rainawa, shi ne murfin lagireto. A tudun Daura ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya na tafasa tun a wajen digiri 98. Inji kuwa yana aikinsa ne tsakanin digiri 85 zuwa 95, ka ga tazarar ba ta da yawa. Murfin nan mai sifirin da roba shi ke riƙe matsi a ciki, wanda ke ɗaga ma'aunin tafasar ruwan zuwa wajen digiri 120. Idan robar ta tsage ko sifirin ya saki, mota za ta riƙa amai da ruwa alhali komai nata ƙalau yake. Lambar matsin tana rubuce a kan murfin, galibi 0.9 ko 1.1, kuma irinta ya kamata a saya. Ina jin takaicin ganin an sauke lagireto, an biya mai wanki, har an kai ga kwance kan silinda, a kan ciwon da maganinsa shi ne mafi arha a duk shagon kayan gyara.

Sai iska. Bazara a bayan hunturu take zuwa, kuma wata uku na ƙura sun riga sun cika ramukan lagireto, ga ƙaiƙayi, ga ƙwari, ga leda da iska ta manna. A riƙe tocila a bayansa a leƙa ta gaba. Inda haske bai ratso ba, iska ma ba ta ratsawa. A wanke shi daga baya zuwa gaba da ruwa marar ƙarfi, domin injin wankin mota na lanƙwasa siraran fukafukansa. Motar da ke da na'urar sanyaya ɗaki tana da wani faifan a gaban lagireto, kuma tsakanin su biyun nan ne datti ya fi taruwa. A tabbata kuma kwandon robar da ke kewaye da fanka yana nan. Makanikai da yawa kan jefar da shi don yana tare musu hannu, alhali shi ke tilasta wa fanka ta jawo iska ta cikin lagireto, ba ta gefe ba.

Yanzu sai a tayar da inji daga sanyi, a ɗora hannu a tiyon sama, a yi hattara da fanka da fambel. Daidai shi ne tiyon ya zauna da sanyi na wasu mintuna, sannan ya ɗau zafi farat ɗaya lokacin da tamostat ya buɗe, wato tsakanin digiri 82 da 88 a yawancin motocin nan. Idan allura ta haye amma tiyon na nan da sanyi, tamostat ya maƙale. Ana iya tabbatarwa a gida: a cire shi, a jefa a tukunyar ruwa a kan wuta, dole ya buɗe baki kafin ruwan ya tafasa. A ci gaba da jira a ga ko fankar lantarki za ta tashi da kanta idan allura ta wuce tsakiya. Idan ba ta tashi ba, aikin rewaya ne: ya fara da fis, ya bi ta rile, ya gwada makunnin zafi, sannan ya ba fankar wuta kai tsaye daga batir don a san ko ita ce ta ƙone. A kuma duba inda take hura iska da ɗan ƙyalle, saboda ana samun wadda aka juya wa waya, tana tura iska waje maimakon ta jawo. Motocin da fankarsu ke jikin inji, irin su Hiace, sukan zo da kulocin fanka. Idan inji na da zafi, aka kashe shi, aka juya fankar da hannu ta yi ta juyawa sakaka, kulocin ya mutu.

A nan ne nake saɓawa da al'adar garejojinmu. Da an kawo mota, sai a cire tamostat a yar, a haɗa fanka kai tsaye, a ce wai kayan ƙasar sanyi ne, ba na ƙasar Hausa ba. Gaskiya ne allura kan sauka bayan haka, direba ya tafi yana godiya. Sai dai ciwon na nan, an rufe shi ne kawai. Injin da ba shi da tamostat yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, musamman da asubahin hunturu, sai ya riƙa shan mai fiye da ƙa'ida, ringi da silinda na cinyewa. A wasu injinan ma tamostat ne ke rufe wata gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya shiga lagireto ba. Idan babu shi, wani kason ruwan zafi zai yi ta kewaya a ciki. Cire shi a kan hanya don a samu a ƙarasa gida ba laifi ba ne. Da an iso, a sa sabo.

Idan duk wannan lafiya, sai a koma cikin lagireto. A kashe inji da zafinsa, a cire kan batir don kada fanka ta tashi, a shafa bayan hannu a fuskar lagireton daga sama zuwa ƙasa. Ya kamata zafin ya ragu a hankali. Duk inda aka ji wani yanki da sanyi a tsakiyar zafi, bututun wurin sun toshe. Abin da ke toshe su kuwa mu ne ke zuba shi: ruwan rijiya da na burtsatse na ɗauke da gishirin ƙasa, wanda ke daskarewa a bututu kamar farin ɓawon da ke kama gindin butar mai shayi. Haka nan garin barkono ko ƙwai da wasu ke zubawa don toshe yoyo, yakan toshe har da inda ba a so. Tsohon lagireto na tagulla mai walda zai iya buɗe shi ya zura tsinke a kowane bututu. Na alminiyam mai kan roba, idan ya toshe sosai, canji ya fi. Famfo kuma yakan yaudari mutum, ba ya yoyo, ba ya ƙara, amma tsatsa ta cinye fukafukansa, ko na roba ne sun karye. Alamarsa ita ce a buɗe murfi tun inji na sanyi, a jira tamostat ya buɗe, a taka totur, a ga ruwan bai motsa ba.

Saura babban ciwo, na motar nan da ake ƙara wa ruwa kullum ba a ga ɗigo ba, wato gasket ɗin kan silinda, wanda makanikai ke kira tof gasket. Da gangan na bar shi ƙarshe, saboda shi ya fi tsada, kuma galibi ba shi ke fara jawo zafi ba, zafin ne ke ƙona shi. A tayar da inji daga sanyi murfi a buɗe: idan kumfa na ta ɓulɓulowa ba ƙaƙƙautawa, hayaƙin silinda ne ke kutsawa cikin ruwa. Idan murfi a rufe ne, tiyon sama zai yi tauri tun inji bai ɗau zafi ba. A zaro sandar baƙin mai, a kuma duba cikin murfinsa; mai da ya koma fari-fari ya haɗu da ruwa. Farin hayaƙi mai kauri daga salansa bayan inji ya yi zafi, da filogi ɗaya da ya fita fes cikin 'yan'uwansa baƙaƙe, duk shaidu ne. Idan an kwance, a sa a auna kan silindar da miƙaƙƙen ƙarfe, in ya karkace a kai shi a goge. Kuma a gano abin da ya ƙona gasket ɗin farko, in ba haka ba sabon ma ba zai kai damina ba.

Wani lokaci ruwa ba shi da laifi. Taimin da ya yi baya, baƙin mai da ya yi ƙasa, birki da ke kamawa, salansa da ta toshe, da lodin da ya ninka ƙarfin mota, kowannensu na sa inji ya haifar da zafin da lagireto ba zai iya kwashewa ba. Allurar kanta takan yi ƙarya idan wayarta ta lalace.

Bayan gyara, a cika da ruwan sanyaya inji na galan, a bi umarnin da ke jikinsa, tun da wani a haɗe yake zuwa, wani sai an surka shi rabi da rabi da ruwan batir marar asid. Amfaninsa a ƙasarmu shi ne hana tsatsa da ƙara jinkirin tafasa. A bar inji ya yi aiki murfi a buɗe har kumfar iska ta gama fita, a ƙara, a rufe. Gwajin kuma ba da safe ake yin sa a bakin gareji ba. A fita da ita bayan azahar, da irin lodin da ta saba ɗauka, a miƙa har Sandamu ko Zango a dawo, sannan a bar ta tana aiki a tsaye minti goma sha biyar ana kallon allura. Washegari da sassafe, kafin a tayar, a buɗe murfi a ga ko ruwan na nan inda aka bar shi.