Darasi Kan Zaɓen Sanda Domin Tsofaffi Da Masu Raunin Gani

An shirya wannan darasi domin hakimai da magatakarda na ƙasar Karaye da Rogo, tun daga Tudun Kaya har ƙauyukan da ke kewaye da ita, gama su ne talakawa ke kawo wa kukansu, kuma sau da yawa ta hannunsu ake raba kayan taimako. Abin da ake so a gane shi ne sanda iri biyu ce, kowace da aikinta. Wanda aka ba wadda ba ta dace da shi ba an cuce shi, ko da da kyakkyawar niyya aka yi. Tsoho in ya fāɗi ya karye a ƙugu, da wuya ya koma tafiya kamar dā.

1. Sandar dogarawa. Wannan ta mai raunin ƙafa ce, ko mai tangaɗi saboda tsufa. Wadda ake ƙara wa tsawo a rage ta fi amfani. Akan yi ta da bututun alminiyam biyu, ɗaya cikin ɗaya, da huda a jere, da ɗan maɓalli mai riƙe su. Kafin a karɓa a tabbata maɓallin ya fito sarai cikin hudarsa, sa'an nan a danna sandar ƙasa da ƙarfi a ga ko za ta zame.

2. Awo. Mutum ya tsaya daidai sanye da takalmin da ya saba, ya saki hannuwansa. A daidaita sandar har mariƙinta ya zo daidai wuyan hannunsa. In ya riƙe, gwiwar hannu ta ɗan tanƙwara kaɗan. Sanda in ta yi tsawo takan gajiyar da kafaɗa, in ta gaza kuwa sai mutum ya riƙa tafiya a sunkuye.

3. Riƙo. A riƙe ta a hannun da ke gefen ƙafa mai lafiya, ta riƙa tafiya tare da ƙafa mai ciwo. Wajen hawan dakali lafiyayyar ƙafa ke fara hawa, wajen sauka kuwa sanda da mai ciwon ke fara sauka. Robar gindinta in ta siɗe a sake ta, musamman da damina lokacin santsi. Sanda mai ƙafa huɗu ta fi kyau a daɓe. A hanya mai gargada takan yi rawa.

4. Farar sanda. Wannan ta laluben hanya ce. Doguwa ce, siririya, marar nauyi, tsawonta yakan kai ƙirjin mai ita. Yana kaɗa ta dama da hagu a gabansa domin ya san rami ko kwata ko dutse tun bai taka ba. Wani Ba'amurke mai suna Richard Hoover ne ya tsara wannan hanya a 1944, domin sojan da suka makance a Yaƙin Duniya na Biyu. Farinta kuma yana sanar da masu mota da babur su yi hattara, ana kuwa tunawa da ita ran 15 ga Oktoba kowace shekara. Kada a dogara a kanta, gama ba ta ɗaukar nauyi. Sai an koya wa mutum aiki da ita.

5. Mai lalura biyu. Tsohon da ƙafarsa ta yi rauni ganinsa kuma ya ragu, sandar dogarawa yake bukata da fari. A shafa mata farin fenti domin a gane shi. Amma a sani gajeruwar sanda ba ta hango masa rami, don haka a ba shi ɗan jagora ran kasuwa da lokacin sallar asuba.

6. Magani. Ba da sanda ba ya ɗauke wajibcin kai mutum asibiti. Binciken da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa cikin makafi 100 masu shekara 40 ko fi, wajen 43 yanar ido ce ta makantar da su, ita kuwa ana cire ta mutum ya koma gani. Asibitin ido na ECWA da ke Kano yana wannan aiki, haka kuma Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.

7. Aikin magatakarda. Ya nemi dagatai da masu unguwanni su kawo sunayen mabukata, ya rubuta su kashi uku: masu raunin ƙafa, masu raunin gani, da masu duka biyu. Ran rabo, a auna wa kowa tasa a gaban hakimi. Kada a aika da sanda ta hannun wani, domin ba a awo sai mai ita yana tsaye.

Tambayoyi
(a) Ina mariƙin sandar dogarawa ya kamata ya tsaya?
(b) Mai ciwon ƙafar dama, a wane hannu zai riƙe sanda?
(c) Don me ba a dogara a kan farar sanda?